ZHENG HE, MADUGUN TEKU NA ƘASAR SIN

Ran 2 ga watan Yuli, 2023, waɗansu jiragen ruwan yaƙi uku na ƙasar Sin suka iso Legas ziyara. Ɗaya babban jirgin yaƙi ne mai suna Nanning. Na biyu matsakaici ne, irin na rakiya wanda ake kira firiget, sunansa Sanya. Na uku kuwa, Weishanhu, ba don faɗa aka ƙera shi ba: mai da ruwan sha da abinci yake ɗauke wa 'yan'uwansa. Wanda bai san sha'anin teku ba zai ɗauka na ukun nan ɗan rakiya ne kurum, alhali kuwa in babu shi sauran biyun ba za su kai ko'ina ba. Wannan darasi tsoho ne a wurin mutanen Sin, gama yau fiye da shekara 600 ke nan da wani bawan sarki ya nuna musu shi a aikace. Sunansa Zheng He, ana furta shi kamar Jang Ha.

ASALINSA

An haife shi a shekarar 1371 a garin Kunyang, cikin lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin Sin. A lokacin nan Sarki Yaji ne ke sarautar Kano, shi ne kuwa wanda Wangarawa suka zo da Musulunci a zamaninsa. Sunan yanka na yaron Ma He. Gidansu gidan Musulmi ne, mahaifinsa da kakansa duk ana kiransu da laƙabin Alhaji, zuriyarsu kuma tana danganta kanta da Sayyid Ajal Shamsuddin, mutumin Buhara wanda ya riƙe lardin Yunnan a zamanin mulkin Mongol. Abin lura a nan shi ne Yunnan ƙasar duwatsu ce, nesa da teku ƙwarai. Watau mutumin da ya zama shugaban jiragen ruwa mafi girma a zamaninsa ɗan tudu ne, kamar yaron da aka haifa a Tsafe ko Bungudu.

A 1381 rundunar sabuwar daular Ming ta shiga Yunnan don kawar da sauran mulkin Mongol. Mahaifinsa ya rasu cikin wannan hargitsi, shi kuma aka kama shi yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya. Aka dandaƙe shi, kamar yadda aka saba yi wa yaran da aka kama a yaƙi a wancan zamani, aka sa shi cikin babannin gidan wani ɗan sarki mai suna Zhu Di, wanda ke tsaron iyakar arewa daga birnin da yanzu ake kira Beijin. A nan ya girma cikin dawaki da sansani, yana bin ubangidansa yaƙi da Mongol a cikin dajin da ba ruwa ba gari. Duk wanda ya yi irin wannan yaƙi ya san ƙishirwa takan kashe runduna tun kafin ta haɗu da abokan gaba.

A 1399 Zhu Di ya yi wa ɗan wansa, Sarki Jianwen, tawaye. Ma He ya nuna jaruntaka a wani gumurzu da aka yi kusa da Beijin a wannan shekara. A 1402 suka ci birnin Nanjin, Zhu Di ya hau gadon sarauta da laƙabin Yongle. A 1404 ya saka wa bawansa da sabon suna, Zheng, ya kuma naɗa shi shugaban ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun fada, wadda ke kula da gine-gine da kayan gidan sarki. Ba baƙon abu ba ne sarki ya fi amincewa da babanni bisa ga 'yan'uwansa na jini. A Kano ma Muhammadu Rumfa ya ba su sarautu. Amma muhimmin abu a nan shi ne irin aikin da aka ba shi: sayen katako, lissafin ma'aikata, ajiyar kaya. Makarantar da ta shirya shi ke nan.

AYARIN FARKO

Sabon sarki yana son duniya ta san shi ne ke mulki, yana son sarakunan ƙetare su riƙa aiko da gaisuwa. Ran 11 ga Yuli, 1405, ya ba da umarni Zheng He ya tafi ƙasashen da suke kira Tekun Yamma. Littattafan daular sun ce mutum 27,800 ne suka tashi, da manyan jirage 62, ban da ƙanana masu yawa. Waɗansu marubuta sun kai jimillar jirage 317. Tarihin daular ya ba manyan tsawon da ya wuce ƙafa 400, amma masana ƙirar jirage da yawa na yau suna ganin jirgin katako bai iya kai haka, sun fi karkata ga ƙafa 200 zuwa 250. A 1957 an tono wani gungumen juya akalar jirgi mai tsawon ƙafa 36 a tsohuwar masassaƙar jirage ta Nanjin. Ko da ƙaramin lissafin aka ɗauka, babu wata ƙasa a Turai da ke da irin wannan runduna a lokacin.

To, bari mu yi ɗan lissafi irin na ɗan makaranta. A ƙaddara kowane mutum galan ɗaya na ruwa zai ishe shi sha da dafuwa a yini. Mutum 27,800 ke nan za su sha fiye da duro 630 kullum, ban da dawaki. In an yi kwana ashirin ba a ga tudu ba, duro ya haura 12,000. Ruwa kuwa ga shi ko'ina kewaye da su, amma na gishiri ne. Saboda haka aka keɓe jirage musamman na ɗaukar ruwa. Gong Zhen, wani magatakarda da ya bi tafiya ta ƙarshe, ya bayyana yadda suke shiga bakin rafuka su cika, su komo su raba wa sauran. Akwai kuma na hatsi, da na dawaki, da na soja. A jerin ma'aikatan ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen an lissafta likitoci da masu haɗa magani 180, watau kusan ɗaya ga kowane mutum 150. Akwai tafintoci, da akawuna, da masassaƙa, da maƙera, da maɗinkan filafilai, da masu duban taurari da allurar nuna alƙibla.

Bahaushe bai rasa abin da zai kwatanta wannan da shi ba. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja yana da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki, da malamin ayari mai rubutu da lissafi. Darajar madugu ba yawan jakunansa ba ce. Ana auna shi da sanin inda rijiya take, da wane sarki za a ba gaisuwa, da wane zango za a kwana, da kuma ranar da ta kamata a tashi. Zheng He madugu ne, sai dai dajinsa teku ne.

ISKA DA ZANGO

Jiragensa ba su da inji, iska ce ke tura su, ita kuwa iskar tana da lokaci. Mutumin Gusau ya san da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma ta juyo daga kudu maso yamma. Haka abin yake a tekun Sin da na Indiya. Da iskar hunturu ake tafiya, da ta damina ake komowa. Wanda ya makara da mako biyu yana iya zaman jiran rabin shekara a bakin wata gaɓa, mutanensa suna cin guzuri.

An adana kwanakin tafiyarsa ta bakwai, suna kuwa nuna wannan a fili. Sun bar Nanjin ran 19 ga Janairu, 1431. Suka isa Changle a lardin Fujian ran 8 ga Afrilu, suka zauna wajen wata takwas suna gyaran jirage, suna ɗaukar ma'aikata da kaya, suna jiran iska. Ba su fita teku sosai ba sai Janairu, 1432. Suka kai tsibirin Jawa a Maris, suka sake zama har Yuli. Suka isa Malaka ran 3 ga Agusta, Kalikut ta ƙasar Indiya ran 10 ga Disamba, sa'an nan Hurmuz, a bakin tekun Fasha, ran 17 ga Janairu, 1433. Shekara biyu ke nan ba kwana biyu. Amma da suka juyo ran 9 ga Maris, sun shiga kogin gida a farkon Yuli, wata huɗu kacal. Yawancin shekara biyun nan ba tafiya aka yi ba, shiri aka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban zangonsa Malaka ne, a mashigin ruwan da ke tsakanin Malesiya ta yau da tsibirin Sumatra. Ma Huan, wani tafinta Musulmi mai jin Larabci wanda ya bi tafiya uku, ya siffanta wurin: shinge na itace kamar ganuwa, da ƙofofi huɗu da hasumiyoyin tsaro, 'yan sintiri suna kewayawa da ƙararrawa da dare, a ciki kuma wani shingen na biyu inda rumbuna da ɗakunan ajiya suke. Rundunar takan rabu kashi-kashi, wasu su nufi Bangal, wasu Larabawa, wasu Afirka, sa'an nan duk su taru a Malaka, a shirya kaya, a jira iskar kudu. Don zangon nan ya zauna lafiya, Sin ta ɗauki sarkin Malaka ƙarƙashin inuwarta, ta tsare shi daga barazanar Siyam. A 1411 sarkin da kansa ya je Nanjin da 'yan rakiya fiye da 500.

BA DUKA DA LALAMA BA

Sau da yawa akan ba da labarin Zheng He kamar ɗan aiken zumunci kawai. Gaskiya ne ya raba siliki da tangaran, bai kuma kafa mulkin mallaka irin na Turawa ba. Amma yawancin mutanensa soja ne, ya kuwa yi amfani da su. A 1407, a kan hanyarsa ta komowa, ya fasa rundunar Chen Zuyi, wani ɗan Sin da ya mamaye Falembang yana tare jirage. Littattafan fada sun ce an kashe mutum fiye da 5,000, shi kuma aka kai shi Nanjin aka sare. A tafiya ta uku ya yi karo da Alakeswara, mai iko a tsibirin Silon, watau Siri Lanka. Da ya ga mayaƙan tsibirin sun tafi far wa jirage, sai ya zaga da mutum 2,000 ya faɗa wa babban birnin, ya kama shi, ya kai shi Sin a 1411, inda sarki ya yi masa afuwa ya sake shi. A tafiya ta huɗu ya kama wani mai neman sarauta, Sekandar, a arewacin Sumatra. Duk wuraren ukun suna kan hanyar da jiragensa ba su da makawa sai sun bi.

Tafiya ta huɗu, 1413 zuwa 1415, ita ce ta fara kai shi Hurmuz. A ta biyar, 1417 zuwa 1419, jiragensa suka kai Adan, da Mogadishu, da Barawa, da Malindi a ƙasar Kenya ta yau. A 1414 sarkin Bangal ya aika wa sarkin Sin raƙumin dawa, a shekara mai bi kuma wani ya zo daga Malindi. Fadawa suka ce ai wata dabba ce ta almara wadda ba ta bayyana sai a zamanin sarki adali. Masoro da itacen rini kuwa sun taru a rumbunan gwamnati har ta kai ana biyan wani kashi na albashin ma'aikata da su.

Game da addininsa, shaidun da suka rage sun nuna mutum ne mai tafiya da kowa. A 1413 ya je birnin Shi'an ya ɗauko limamin wani masallaci, Hasan, ya zama tafintansa. A 1417 ya ziyarci ƙaburburan Musulmi na farko a Quanzhou kafin ya tashi. Amma kuma a matsayinsa na wakilin sarki ya kafa allunan dutse na godiya ga abar bautar matuƙan jirgin Sin, ya kuma ba da kuɗi an buga littattafan addinin Buda. Allon da ya bari a Silon, mai ɗauke da shekarar 1409, da harsuna uku aka rubuta shi: Sinanci, da Tamil, da Farisanci. An gano shi a garin Galle a 1911, yana gidan tarihi na Kolombo. A tafiya ta ƙarshe wani mataimakinsa, Hong Bao, ya tura mutum bakwai daga Kalikut zuwa Makka, suka komo da zanen Ka'aba.

BAITULMALI YA GAJI

Abin da ya karya rundunar nan ba hadari ba ne, ba kuwa abokan gaba ba. Sarki Yongle ya ɗora wa ƙasa kaya da yawa lokaci guda: yaƙi a ƙasar Biyetnam, yaƙe-yaƙe da Mongol, gyaran babbar hanyar ruwa ta cikin ƙasa, da gina sabon babban birni a Beijin. A 1421, 'yan watanni bayan an tare, aradu ta faɗa wa fada, manyan zaure uku suka ƙone. Ma'aikata masu ilimi, waɗanda dama ba su ƙaunar babanni, suka sami bakin magana. Ministan Kuɗi, Xia Yuanji, ya gaya wa sarki ƙasa ba za ta iya ɗaukar wani sabon yaƙi ba, aka jefa shi kurkuku. Da Yongle ya rasu a 1424, magajinsa ya fito da ministan, ya kuma soke tafiye-tafiyen teku a ranar da ya hau gado. Aka mai da Zheng He mai tsaron Nanjin, sojojinsa suka koma aikin gini.

A 1430 Sarki Xuande, jikan Yongle, ya ga baƙi sun daina zuwa da gaisuwa, sai ya sake kiran tsohon madugu. Yana da shekara wajen 60 ya fita da mutum 27,550. Yawancin masana tarihi suna cewa a kan hanyar komowa ya rasu, a 1433, waɗansu kuwa sun ce a Nanjin ne a 1435. Akwai hubbarensa a gindin dutsen Niushou kusa da Nanjin. Da yake ba shi da ɗa na cikinsa, ɗan wansa ya ɗauka ya riƙa, ta nan zuriyarsa ta ci gaba. A lokacin nan Dauda ne Sarkin Kano. Magajinsa Abdullahi Burja shi aka ce ya buɗe hanyar Gwanja.

Bayansa ba a sake fita ba. Jiragen suka ruɓe a matsaya, masassaƙan suka mutu ba su koya wa kowa ba. An ruwaito cewa wajen 1477, da wani sarki ya nemi takardun tafiye-tafiyen, wani babban ma'aikacin Ma'aikatar Yaƙi, Liu Daxia, ya ɓoye su don kada a sake jawo wa ƙasa asara. Abin da ya tsira shi ne littattafan Ma Huan da Fei Xin da Gong Zhen, da allunan dutse, da wata taswirar hanya da aka buga cikin wani littafin soja bayan shekara kusan 200. A 1498, shekara 65 bayan jiragen Sin sun bar Kalikut, Basko da Gama na Fotugal ya iso garin da jirage uku. Da huɗu ya baro gida da mutum wajen 170, ya ƙone na guzurin a hanya, ciwon rashin ɗanyen abinci kuma ya kashe masa mutane da yawa. Duk da haka Turawa ne suka riƙe tekun, domin su sun yi ta komowa shekara bayan shekara.

JIKOKINSA NA ƘARFE

Sin ba ta sake aika jiragen yaƙi aiki mai nisa irin wannan ba sai ran 26 ga Disamba, 2008, sa'ad da manyan jirage biyu, Wuhan da Haikou, tare da Weishanhu, suka tashi daga tsibirin Hainan zuwa mashigin Adan don raka jiragen kasuwa saboda 'yan fashin tekun Somaliya. Tsohuwar matsala ta taso nan da nan. Jiragen yaƙin biyu sun yi wajen wata huɗu ba su raɓi tudu ba, jirgin guzuri ne kaɗai ke shiga tasha ya sayo kaya, ɗanyen ganye ya yi wuya, aka riƙa tsimin ruwa. Daga baya aka shirya su riƙa yada zango a Salala ta Oman, da Adan, da Jibuti. Ran 1 ga Agusta, 2017, Sin ta buɗe sansaninta na farko a ƙasar waje a Jibuti. Malaka ce ta komo da wani suna.

Jirgin da ya fi ɗaukar nauyin wannan aiki shi ne firiget samfurin 054A, wanda ya fara aiki a 2008. Tsawonsa wajen ƙafa 440, nauyinsa kimanin tan 4,000, injinsa na dizal ne mai tsimin mai. Irinsa ne, Xuzhou, ya ratsa mashigin Suwez a 2011 don tsaron 'yan Sin da ake kwashewa daga Libiya. Irinsa ne kuma, Linyi da Weifang, suka kwashe mutane daga Yaman a 2015. Amma tankinsa da ɗakin sanyinsa suna da iyaka. Shi ya sa akan haɗa jiragen yaƙi biyu da na guzuri ɗaya mai nauyin fiye da tan 20,000, su jera suna tafiya, a miƙa mesa da igiya daga wannan zuwa wancan, a ɗura mai a tura kaya ba tare da an tsaya ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Nijeriya ma ta shiga cikin labarin, gama jiragen sintirinta biyu, Centenary da Unity, waɗanda suka iso a 2015 da 2016, a Sin aka ƙera su. Sayen jirgi aikin shekara ɗaya ne ko biyu. Riƙe shi kuwa aikin shekara talatin ne: kayan gyara, da mai, da makanikai, da kasafin kuɗin da ba ya yankewa, da fayil ɗin da ba ya ɓata.

Mutanen Sin sun sa wa wani jirgin koyar da hafsoshinsu sunan Zheng He a 1987, tun 2005 kuma suke bikin ranar teku kowace 11 ga Yuli. Ga ma'aikacin gwamnati da ɗalibi a ƙasarmu, abin ɗauka a rayuwarsa a fili yake. Sau bakwai cikin shekara 28 aka fita da dubban mutane aka komo da su, domin akwai masu ƙidaya buhu da duro, masu rubuta ranar da iska ta juya. Da aka daina biyan waɗannan, aka kuma bar takardunsu suka salwanta, ƙasar da ta fi kowa jirage ta wayi gari ba ta da mai nuna mata hanyar Malindi.